Hayaƙin da Aka Yi Min Don In Warke

Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Saƙonninku na gani, ƙarfin amsawa ne babu.

Abin ya fara ne makon da ofishin da nake bautar ƙasa ya tashi zuwa sabon gini. Sabon fenti, sabon kafet. A kwana na uku na ji kamar ina tafiya a ƙarƙashin ruwa, muryar oga tana zuwa daga can nesa. Maƙogwaro yana ƙaiƙayi, ƙirji ya ɗaure.

An gwada maleriya, taifod, asma, an ɗauki hoton ƙirji. Ba a ga komai ba. Alawus ɗina duk a nan ya ƙare.

A gida, a Kado, Mama ta ce iska ce. Sana'arta humra da turaren wuta. Ta rufe taga, ta yi min hayaƙi, ta rungume ni tana tofi. Na ga labule yana narkewa a hankali. Na farka a asibiti da roba a hanci.

Wata likita ta ce, "Akwai jikin da ba ya jure sinadarai, ko kaɗan ne. Gwaji ba ya nunawa. Rubuta duk abin da kika shaƙa, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya taɓa ki."

Na rubuta. Fiya-fiya, minti biyar. Sabulun wanki mai ƙamshi, minti ashirin. Mayafin Mama, kafin ta zauna.

Kwana huɗu ina ɓoye wa Mama takardar da na rubuta. Daga baya na karanta mata ta taga, tana tsakar gida.

"To, ni ce ciwon naki ke nan?"

"Ba ke ba ce, Mama. Turaren ne."

"Shekara talatin ina haɗa shi, 'yar nan. Ai ya shiga fata."

Ta kwashe kasko da kwalabe zuwa gidan ƙanwarta a Karshi. Can take aiki yanzu. In ta dawo, sai ta yi wanka da sabulun salo, ta canza kaya. Sati shida ta taga muke hira.

Juma'ar da ta wuce ta shigo, ta zauna a bakin gado ta yi min kitso. Awa biyu da minti goma. Numfashina bai canza ba. Barci ma na yi a cinyarta.

Ban warke sarai ba, sauƙi na samu. Alhamdulillahi. Likita, Allah ya saka. Mama, Allah ya biya ki.

In za ku je dubiya, ku tambaya kafin ku fesa turare. In wani ya ce ƙamshi yana sa shi ciwo, ba iyayi yake ba. Ku buɗe masa taga.