Sunan da Marini Ya Bari a Ƙofa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da na tsaya a ƙofar wani gida a unguwar Mansur ba.

Da zan tafi karatu Makka, kakata ta riƙe hannuna ta ba ni saƙo ɗaya. Yayanta, wanda marini ne, ya tafi Hajji a ƙasa tun tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. So take ta sani kafin ta mutu: ya isa, ko hanya ta cinye shi?

Ni da rawar kaina na ɗauka aikin kwana biyu ne. Na shiga unguwar Misfala ina tambaya da sunansa da na mahaifinsa, yadda muke yi a gida. Ashe a can da sunan dangi ake neman mutum, kuma kusan kowane Bahaushe Hausawi ake ce masa. Shekara guda ina bulayi, har na fara shirya ƙaryar da zan yi wa tsohuwa.

Wata safiya ina sayen waina wajen wata dattijuwa a Mansur, na ba ta labari. Ta ce, "Ya waladi, ɗana, bar sunan yanka. Wace sana'a yake yi?" Na ce rini. Ta ajiye cokali ta ce, "Yalla, biyo ni."

A jikin ƙofar da ta nuna mini an rubuta da harafin Larabci: Karofi, wato wurin da ake rini.

Mai gidan ya fito, furfura fal kai, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Ya ce, "Wallahi ba mu san ma'anarsa ba. Abuya, babanmu, shi ne ya zaɓe shi a matsayin sunan dangi ranar da aka yi masa takardun zama. Ya ce kada mu canza, wata rana wani zai zo nema daga gida." Ya ambaci sunan mahaifinsa da garinmu. Shi ne. Ya isa, ya yi Hajji, a Makka aka binne shi.

Na kira kakata a waya. Kabbara kawai take yi tana kuka.

Malaminmu na sakandare ya taɓa cewa kalmar da Turawa ke kiran sunan dangi da ita daga Faransanci ta samo asali, ma'anarta sunan da aka ɗora a kan suna. Hamma na yi a ajin. Sai a ƙofar nan na gane: ba banza ake ɗora shi ba, ana ɗora shi ne don naka su gane ka ko bayan ranka.