Muntaka Dogo da Tulunan Zaɓe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Muntaka, wanda duk Tudun Kanya ta fi sani da Dogo, a wani asibiti a Kano bayan 'yar gajeriyar jinya. Aka kawo shi gida, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ban iya raka shi makabarta ba, domin ƙafafuna sun daɗe da daina kai ni can. A ƙofar gidana aka shimfiɗa mini tabarma, ina zaune makara ta wuce. Mutumin da ya saba ɗaukata a bayan babur ɗinsa, ga shi yau shi ake ɗauke da shi.

Muntaka, ni ne Habibullah, tsohon malamin makarantar da ka sani, wanda ya yi elementare tun zamanin En'e. Hannuna yana rawa, idona ya yi rauni, amma na ga bai kamata ka tafi ban ce komai ba. Tun da matata Hure ta rasu gidana ya zama kango mai mutum ɗaya, domin 'ya'yan da Allah Ya ba mu ba su yi tsawon rai ba. Kai ne kake tsayawa duk ranar da ka dawo daga kasuwar Bici, warin awaki bai bar rigarka ba, ka leƙo da ƙullin fura a hannu ka ce, "Baba Habibu, har yanzu kana nan? Ashe ba ka da niyyar tafiya." Ni kuma in ce, "Sai na ga furfura ta cika maka gemu, ɗan nema." Ka yi dariya, ka dama mini furar da hannunka. Furfurar ba ta kai ga cika gemun ba.

Mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma gaskiya za su faɗa. Wani zai ce ka kai matarsa asibiti tana naƙuda, wani zai ce ka mayar masa da akuyar da ya sayar cikin matsuwa. Ni abu ɗaya nake so in rubuta, domin shi nake tsoron kada a binne tare da kai: yadda ka koya wa garin nan zaɓen shugaban kwamitin makaranta.

Ga wanda bai sani ba, makarantar firamarenmu tana da kwamitin iyaye da ke kula da ita. Shi yake duba gyaran aji, da zuwan malamai, da zuwan yara. A da, in lokacin zaɓen shugaba ya yi, sai maza su taru a filin makaranta a yi ƙato bayan ƙato: kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Shekara da shekaru layi ɗaya ake yi, a bayan Alhaji Muhammadu Sani. Alhaji dattijon kirki ne, bai taɓa cin amanar kowa ba. Sai dai girma ya zo masa, hidimomi sun yi masa yawa, kuma rabin garin nan ko dai surukansa ne ko kuma suna noma a gonarsa. Wa zai bar layin surukinsa ya koma wani, surukin yana kallo? Ko mutum ya fito daga gida da niyya, yana haɗa ido da Alhaji sai ƙafa ta kai shi inda ta saba.

Sai wata iskar farkon damina ta yaye kwanon ajin ƙananan yara. Damina ta wuce, wata ta zo, yara suna karatu a gindin darbejiya, in hadari ya taso a kore su gida. A majalisa kowa yana gunaguni, a gaban Alhaji kowa yana "Allah Ya ƙara girma."

Kai ka fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin Bilkisu matarka ita ce 'yar farin Alhaji. Ba ka kiran sunansa, shi ma ba ya kiran naka, sai dai ya ce "mutumin gidan nan." In za ka gaishe shi, tun daga nesa kake cire takalmi ka durƙusa. Ka zo wurina wata rana da yamma ka ce, "Baba, kunya ta rufe mana baki, kwano kuma ya buɗe wa yara kai. Ba yadda za a yi mutum ya faɗi abin da ke ransa ba tare da ya ci fuskar babba ba?" Na ce maka ai a zaɓen gwamnati ana dangwala takarda a ɓoye. Ka ce takarda tana tsorata mutanenmu, kuma mai karatu zai riƙe hannun marar karatu. Ka tafi kana tunani.

Abin da ka zo da shi wurin taron iyaye ya sa har da masu dariya. Ka ce a kafa zana a kusurwar fili, a ajiye tuluna a bayanta, kowane ɗan takara da nasa, an ɗaura wa wuyan tulun ƙyalle mai launinsa. Kowane mai zaɓe a ba shi ƙwayar gurjiya ɗaya da aka rina da shuni, ya shiga shi kaɗai ya jefa inda yake so. Bakin tulu ƙarami ne, ido ba ya ganin ciki, hannu ba ya shiga ya ɗebo. Ka kuma ce iyaye mata su ma su yi, tunda su suke tashin yaran da safe. Bayan maza sun gama a kai tulunan gidan Inna Jumma ungozoma, inda mata ke shiga ba tare da wata magana ba.

Ba zan manta da ranar gwaji ba. Na farko ya shiga ya jefa, sai muka ji ƙwal. Na biyu ya shiga, sai muka ji ƙwam. Ashe tulun da ke dama sabo ne, na hagu kuwa tsoho ne mai tsaguwa, kowanne da muryarsa. Kafin mutum na biyar ya fito duk filin ya san inda kowa ya jefa. Wani ya ce, "Dogo, ai tulunka ya fi mai shela surutu." Aka fashe da dariya, har da kai. Ba ka yi fushi ba, ba ka kuma janye ba. Ka je gida ka ɗebo dusa ka zuba a gindin kowane tulu, ka jefa ƙwaya da hannunka, ka ce a saurara. Shiru. Daga ranar dusa ta shiga cikin ƙa'ida.

Maganar ba ta yi wa Alhaji daɗi ba. Ya ɗauka surukinsa ne ya ƙulla masa makirci don a kunyata shi. Ka je gaisuwa ya juya maka baya. Bilkisu ta je gida ta dawo da kuka. Na san abin da ka sha a wannan lokaci, domin a zaurena kake zuwa ka zauna da damuwarka. Mutane suka matsa ka tsaya takara, ka ce har abada ba za ka tsaya gaba da uban matarka ba. Ba kujera kake nema ba, so kake bakin mutane ya buɗe. Wani manomi ne daga unguwar gabas ya tsaya.

A wurin tsara ƙa'ida ne aka zo kaina. Abdulkabir, wanda a lokacin matashi ne mai zafin kai, ya miƙe ya ce ai an ce masu 'ya'ya a makaranta su ne za su yi zaɓe, Baba Habibu kuwa ba shi da ɗa ba shi da jika. Gaskiya ya faɗa, amma ta soke ni. Na fara laluben sandata in tashi. Sai ka dafa kafaɗata ka ce, "Kai Abdulkabir, wa ya koya wa babanka rubuta sunansa?" Ya ce, "Baba Habibu." Ka ce, "Ni fa?" Ya ce, "Shi ne dai." Ka ce, "To duk wanda ke filin nan ɗansa ne ko jikansa. In ana ƙirga 'ya'ya ne, buhu guda za a ba shi, mu kuma ƙwaya ɗaya muke roƙa masa." Aka amince tsofaffin malamai su ma su jefa. Muntaka, ba ka san abin da ka ba ni a ranar ba. Tsohon da ba a tambayarsa ra'ayi ya riga ya mutu, wanka kawai yake jira.

Da aka juye tulunan a kan tabarma, aka sheƙe dusa, sai ga abin da ba wanda ya zata. Alhaji ne ya ci. Amma tsibin abokin takararsa bai gaza nasa da wani abin kirki ba. Alhaji ya daɗe yana kallon tsibin nan. Mutumin da bai taɓa ganin ko mutum ɗaya a wani layi ba, yau ga shi yana ganin kusan rabin gari, ba kuma fuskar da zai riƙe a zuciya. Sannan ya tashi ya tafi. Kafin damina ta sake faɗuwa an rufa wa ajin sabon kwano, shi da kansa yake tsaye a kan kafintoci da lema a hannu. Da wa'adinsa ya cika ya ce ya gaji, a nemi yaro. Sannan ne ka tsaya, ka kuma ci.

Shugabancinka kowa ya gan shi. Malamin da ya saba makara ya san zai tarar da kai a bakin ƙofa kana yi masa barka da asuba da rana tsaka. Amma inda na fi ganin girmanka shi ne ranar da ka faɗi. Ka dage cewa ba za a riƙa kwashe yara daga aji ana kai su roron gyaɗa da kaka ba, wannan kuwa ya ɓata wa iyaye da yawa rai. Abdulkabir ya fito takara da kai. Da a layi za a yi, ba mai iya barin bayanka, domin kusan kowa ya taɓa cin alherinka. Wasu ma sun ba ka shawara a koma layin a wannan karon kawai. Ka ce, "In na fasa tulu ranar da zai cije ni, ashe da ma don kaina na ƙera shi."

Da safen zaɓen ka zo da babur ka ɗauke ni, ka ɗaura mini sandata a baya, kana tafiya a hankali saboda ƙuguna. A bakin zana ka sa mini gurjiya a tafin hannu ka ce, "Baba, ko wa ka jefa wa, kada ka faɗa mini. In ka faɗa, na daina kawo fura." Da aka juye, tsibin Abdulkabir ya fi naka. Kai ka fara miƙa masa hannu. Ka mayar da ni gida a kan babur ɗin nan kana ba ni labarin wani bunsuru da ya tsinke igiya a kasuwa, kamar ba abin da ya faru. Washegari da sassafe aka gan ka kana share harabar makaranta.

Yanzu wani zaɓen yana tafe bayan an gama shigar da dawa. Ranar sadakar uku aka kai ni zaman makokinka. Ina zaune na ji wasu suna magana ƙasa-ƙasa, wai tunda mai tuluna ya tafi a huta da wahalar rina gurjiya da kafa zana, a koma layi a gama cikin ɗan lokaci. Na dubi Abdulkabir, wanda layin zai fi yi wa amfani tunda shi ke kan kujera, na ga ya sunkuyar da kai.

Sai Alhaji Muhammadu Sani, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tulunan nan su suka faɗa mini gaskiyar da duk kuka ji kunyar faɗa mini, ba su kuma ci mutuncina ba. Na yi fushi da yaron nan a banza." Ya tsaya ya share ido da bakin rawaninsa. Sannan ya ce, "Muddin ina numfashi, da tulunan Muntaka za a yi zaɓe a garin nan."

Muntaka, ya kira sunanka. Tun ranar da aka ɗaura aurenka da Bilkisu ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Abdulkabir ya taso ya durƙusa a gabansa ya ce shi zai kafa zanar da hannunsa. Daga nan ya juyo wurina ya ce, "Baba, ranar zaɓe ni zan zo in ɗauke ka." Na ce masa to, amma ya riƙa tafiya a hankali.

Saura abu ɗaya tsakanina da kai. Har ka koma ga Allah ba ka taɓa tambayata tulun da na jefa gurjiyata a ranar da ka faɗi ba, ko da wasa. Mutane sun tambaye ni, na ce musu ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu ma da ba ka nan ba zan faɗa ba. Ƙa'idarka ce, da ita za a sa ni a kabari.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Muntaka, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa bayinKa asiri a bayan zana, Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka sa kowane yaro da ya yi karatu a inuwar ajin nan ya zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bilkisu da 'ya'yanta, da Alhaji Muhammadu Sani, da 'yan uwansa na kasuwar awaki, da malamai da ɗaliban makarantarmu, da duk jama'ar Tudun Kanya. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari cikin albarka. Mu kuma da muka yi saura, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Malam Habibullah, tsohon malami
Tudun Kanya