Zauren da Ba a Sallama

Ni na buɗe zauren a waya, don haka ni na sha zaginsa. Manoman rani ne a ciki, daga Goronyo har Wurno inda gonarmu take. Buƙatarmu ɗaya ce: in an saki ruwa daga dam mu ji da wuri, mu janye injunan ban-ruwa daga bakin gulbi.

Sai dai mutanenmu ba sa shiga wuri ba gaisuwa. Kawuna, wanda gidansa ke kusa da dam, shi ne gwani. Saƙon muryarsa kan fara da sallama, ya bi iyali, gajiya, har dabbobi, sannan kowa ya amsa da nasa. Ga sanarwar suna, ga cigiyar jaki, ga gardamar ƙwallo. Wata rana labarin ruwa ya zo a ƙarshen irin wannan gaisuwa, ba wanda ya saurara har can, gulbi ya tafi da injin maƙwabcinmu. Namu guda ɗaya ne tak, albasar gidanmu duka a kansa ta dogara. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na raba zauren. Masuntan cikinmu da nasu, 'yan ƙwallo da nasu, masu biki da gaisuwa na ce su yi ta yi har su gaji. Na ruwa kuwa na kafa masa doka: ba sallama, ba amsawa, labarin gulbi kawai.

Kawu ya kira ni. "Wagga wace irin tarbiyya ta? Mi kaka so, in shiga cikin mutane awa akuya?" Na ba shi haƙuri, amma ban janye dokar ba. Ya daina yi mini magana.

Ana nan, wata rana da hantsi muna dashe, wayoyi suka yi ƙara tare. Da yake zauren ruwa ba ya motsi a banza, kowa ya duba. Muryar Kawu ce, a daƙile: "An saki ruwa. Shina tahe."

Fadama ta kaure da gudu, mai babur da mai jaki kowa na jan injinsa. Kafin la'asar ruwa ya shafe wurin, bai ci injin kowa ba. Na tsaya kan tudu dafe da namu ina dariya, daɗi ya cika ni har kaina ya yi girma.

Ranar kasuwa na ji Kawu yana faɗa wa mutane cewa ɗan ƙanwarsa ne ya tsara abin, kuma duk wanda ya ƙara yin sallama a ciki, shi da kansa zai fitar da shi.