Jini ba ya jin kunyar likita

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayata Hadiza, kuma har yau in mara lafiya ya ce mini "da sauƙi" sai gabana ya faɗi.

Kwana biyu da haihuwarta numfashi ya soma yi mata wuya, ƙafafu suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Daga ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta aka kai ta asibiti a Kano, aka ce zuciya ce ta gaza. Aka yi allurai, kumburin ya ɗan saɓe. Ana gobe suna likita ya tambaye ta jiki, ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce da sauƙi. Yaya fa ko ƙaya ta taka ba ta cewa wash, balle ga dangin miji a tsaye, rago na ɗaure a gida. Aka sallame ta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To mun tambaya, fuskar ta ruɗe mu. Aka raɗa wa jaririya Binta, uwar ko arba'in ba ta yi ba.

Ni na raini Binta. Bana ta haihu, sai ga wannan haki, ga wannan kumburi, ga "da sauƙi, Inna" da muryar uwarta sak. Amma wannan karon da muka je asibiti, likitar ta ɗebi jini. Ta ce zuciya in ta galabaita tana sakin wani sinadari, yawansa kan nuna wadda ke cikin haɗari ko da fuska ta washe. Na Binta bai sauka ba, ta ce sai ta zauna a asibiti.

Kawun mijinta ya ce, "Wannan ai duba ne! Wa ya san gobe sai Allah? Ina aka taɓa suna ba mai jego?"

Na ce, "Alhaji, kai ma kakan ga hadari ka kwashe shanyar gyaɗa, ba wanda ya kira ka boka."

Na shimfiɗa zanena a bakin ƙofar ɗakin na zauna. Aka yi suna ba mu. Har yanzu matan gidansu na kirana mai bushewar ido. Su kira. Ajali na Allah ne, na sani, amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Da Yaya na nan, da ta ja kunnena don na ɗaga murya gaban surukai. Ina kewar har wannan faɗan nata. Ta bar mana haƙurinta da murmushinta, muna riƙe da su. Shirun ne kawai na ƙi karɓa, kuma ba zan bari a gadar wa jikarta ba, wadda ta ci sunanta.

Jiya Binta na shayar da ita a inuwar rumbu na tambaye ta jiki. Ta ce, "Inna, yau kam na ɗan gaji." Ban taɓa jin amsar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.