Rigunan Sanyin Takwara

Ina kicin ɗin makarantar da nake aiki, hannuna cikin kumfa ina kankare gindin babbar tukunya, aka ce ana nema na a bakin get. Na fito na tarar da ƙanwar Sufeto a tsaye, takalman ƙafarta ma ba iri ɗaya ba. Ta ce, "Yaya ta rasu."

Na ce, "Wa ya duba?"

Wallahi abin da ya fara fita daga bakina ke nan, tun kafin salati. Zaman da na yi da Sufeto ne ya mayar da ni haka. Sai da ƙanwar ta kama hannuna mai kumfa ta fashe da kuka, sannan na zauna a ƙasa.

Mutanen benenmu ne suka raɗa mata Sufeto, domin babu abin da zai shiga hannunta ba ta juya bayansa ta duba ba. In ta je sayen ulu, da ashana take tafiya. Ta tsinki bakin zaren ta ƙona, ta shinshina, ta ce wa mai shago, "Roba ce wannan, ɗan nan. Ka ji tsoron Allah." Tela kuwa bai taɓa ganin yadinta ba. Ta ce duk mutumin da ya rataya labule a ƙarƙashin teburinsa akwai abin da yake ajiyewa a wurin. A hannun goggonta ta tashi, ita ta koya mata riƙon allura. Mijinta direban bas ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tak. Ta yi shekaru tana guga a wani otal har gwiwoyinta suka ƙi, ta dawo gida ta zauna da ɗinkin hannu da saƙa. Labulen ɗakinta, rigunan matashi, har tsumman ɗaukar tukunya, duk aikinta ne. Bargon da take lulluɓa da shi ma haɗe-haɗen ƙyallaye ne, rigunan aikin marigayi da tsofaffin kayan makarantar 'yarta, kowane ƙyalle ta san ranar da aka saye shi da wanda ya so ya cuce ta a cinikin.

Sabuwar tarewata a ɗakin da ke kusa da nata, na shanya siket a igiya. Da rana aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Ga mata riƙe da siket ɗina, ta riga ta farke kalmasar.

"Wa ya yi miki wannan ta'asar?"

Na ce ni ce.

"To, ki zo da la'asar. Ki taho da kujerarki, tawa ɗaya ce."

Tun daga ranar muke zama a baranda, ina ce mata Yaya, tana ce min Ƙanwa, ko Sarauniyar Kuskure in na ɓata layi.

Tana da doka a saƙa: ba ta yin riga sai ta ga mai ita. Jikarta guda ce, an sa mata sunan kakar tata, shi ya sa kowa ke kiranta Takwara. Duk zuwan da za su yi hutu, sai ta tsayar da yarinyar ta auna bayanta da taƙi, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga wuya zuwa ƙugu. In aka ce ta ɗan ƙara don yarinya na girma, sai ta ce ita ba ta saƙa buhu. Kuma da yake Takwara bahaguwa ce, kullum a hagu take sa mata aljihu.

Bana ba su zo hutu ba. 'Yar Sufeto na da ciki, bayan ɓari biyu da ta yi a jere, likita ya ce ta kwanta, ba tafiya, ba ɗaukar nauyi, ba tashin hankali. Garin da take aure da nisa. Kullum sai uwar ta kira ta ta yi mata tambayoyi kamar a kotu: me ta ci, wa ya dafa, ta ga lokacin da aka wanke tukunyar?

A cikin wannan zaman ne na ga ta ɗora wata riga shuɗiya a tsinken saƙa. Takwara shekararta biyar, wannan kuwa ta 'yar bakwai ce.

Na ce, "Yaya, ta wa?"

"Ta 'yar wata."

"Wace wata?"

"Ke 'yar sanda ce?"

"A wajenki na yi horo."

Ta harare ni ta saman tabarau ta ci gaba. Da farko kishi ne ya kama ni. Na ce ta yi sabuwar ƙawa a wani benen, tana yi wa 'ya'yanta aiki a ɓoye. Har na fara kula da masu hawowa matakala. Ba wadda ta zo. Ta gama shuɗiyar ta ninke ta sa a akwati, ta ɗora koriya, wadda ta fi ta girma. Da ta gama koriya ta ɗora ruwan toka. Ga sauri, ita da take kwashe wata guda a kan riga ɗaya. Na ga idon saƙa ya zame mata a hannun riga, ta gani sarai, ta wuce bai dame ta ba. Matar da ta taɓa sa ni warware hula sukutum saboda ƙulli ɗaya.

Sai fita da safe, wai sayen ulu. Ta dawo da rana tsaka da jakarta shafal, ashanarta na kan taga inda ta bar ta.

Wata la'asar ta shiga ɗaki ɗauko almakashi, na jawo ruwan tokar na shimfiɗa a cinyata. Riga ce ta budurwa. Aljihun yana hagu. Na tuna shuɗiyar, na tuna koriyar, dukansu a hagu ta sa. Hannunta ne ya tona mata asiri, ya yi abin da ya saba.

Sai ga ta ta fito. Na ɗauko sabon ƙullin ulu na ce ta tara min hannu in naɗe. Da ma haka muke yi, ɗaya ta miƙa hannaye biyu a rataya zaren, ɗaya ta dunƙula.

Ta ce, "Ki rataya a bayan kujera."

"Kujera ba ta juyawa. Miƙo."

Ta miƙo a dole. Ina rataya zaren na ture hannun rigarta sama. Lanƙwasar hannun duk shatin allura ne, wani ya yi baƙi, wani da sauran filasta. Hannun kansa ya zama kamar sanda.

Zaren na rataye a tsakaninmu.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun da sanyi ya fita." Ta ce ƙari ne a ciki, ya riga ya bazu. Likitoci uku ta gani, domin ba ta yarda da na farko ba, na biyun kuma ta ga kamar abokinsa ne. Na ukun mace ce, ita ma abin da ta faɗa ke nan.

"Kin gaya wa 'yarki?"

"Ke kina da hankali kuwa? In ta ji, a yau za ta hau mota. Kin san hanyar nan. In cikin nan ya zube saboda ni, da wane ido zan kalle ta? Sai ta sauka lafiya. Ƙanwa, ki dube ni. In magana ta fita, na san bakin da ta bi."

Na ce ba zan faɗa ba. Ta daɗe tana kallon fuskata kamar yadda take kallon ulun shago, sannan ta ce, "Naɗe zaren, hannuna ya gaji."

Daga nan zama ya koma na gadi. Ita tana gadina, ni ina gadinta. In wayata ta yi ƙara sai ta ce, "Waye?" In na ce yayana ne, ta ce in ƙara murya ta ji. Da jiki ya matsa, ta kira ƙanwarta ta zo ta zauna da ita, ta ce mata olsa ce. Ƙanwar ta yi ta dafa mata abinci marar yaji, Sufeto na ci tana yaba wa maganin.

'Yar kuwa jinin uwarta ce. Rannan ta kira ni ina hanyar aiki.

"Inna, me ya sami muryar Mama?"

Na ce mura ce.

"Murar wata biyu? Kuma me ya sa ta daina yarda in gan ta a waya?"

"Ta ce gilashin wayar ya tsage."

"Inna, ki rantse."

Na ce ga mota nan za ta buge ni, na kashe. Da na ba Sufeto labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ƙaryarki ma irin ɗinkinki ce, ana hango zaren daga nesa."

Riga ta ƙarshe ja ce, ta cikakkiyar mace. Ta kai rabi yatsunta suka daina riƙe tsinke. Ni na karɓa, a bakin gadonta, tana jingine da matashi tana ƙirga min ido. In na yi layi biyar ta sa in warware biyu. Na ce, "Yaya, ke da kika bar kuskure a koriyar?" Ta ce nata kuskuren na gado ne, Takwara za ta so shi, nawa kuwa abin kunya ne. Ta nuna min yadda ta jera su a akwati, ƙarama a sama, babba a ƙasa, da ƙwayar maganin asu a kowace kusurwa. Ta ce kada in ba da su gaba ɗaya, uwar yarinyar za ta rabar. Ɗaya bayan ɗaya, kuma sai na auna bayan Takwara da hannuna.

Na tambaye ta na jaririn da za a haifa fa. Ta ce, "Ban gan shi ba."

"Takwara mai shekara ashirin ma ba ki gan ta ba."

"Ita na san kafaɗarta. Irin tawa ce."

Ranar da aka haihu, surukinta ne ya kira da hantsi: namiji, uwa da ɗa lafiya. Na taso daga aiki na tarar ta sa an tayar da ita zaune, ta ɗaura sabon kallabi. Ta sa aka turo hoton jaririn, ta ce in buɗe mata shi da girma. Ta ƙirga yatsun hannu, ta ƙirga na ƙafa. Ta ce a tambaya ko an tabbata ba a musanya shi ba, don hancin bai yi kama da na kowa ba. Sannan ta kifa wayar a ƙirjinta, hawaye na bin gefen fuskarta har cikin kunne. Tunda nake da ita ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Ƙanwarta ta fita sayo madara. Rana ta yi sanyi, hasken ya sauko kan bargon.

Na ce, "To Yaya, ta sauka. Saura alkawari."

"Na sani. Gobe in kin taso daga aiki ki kira min ita. Ke za ki riƙe wayar, ni zan yi magana."

"Me zai hana yanzu? Ga waya a hannunki."

"Yau ta sha wuya. Bar ta ta yi barcin yau tana da uwa mai lafiya."

Na gyara mata matashi, na ja bargon na rufe mata ƙafa. Na ce, "Shi ke nan. Allah ya kai mu goben."

Ta ce, "Amin. Ki ja min ƙofar da kyau, Ƙanwa. Ke har yau ba ki iya rufe ƙofa ba."