Yara Goma Sha Ɗayan Malama Zuwaira

A Buji ba a tsorata yaro da Zuwaira mai allura, don ba zai tsorata ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana ɗibar jini a asibitin ƙauye, kuma har yau ba a nuna yaron da ta soka sau biyu ba. Hannu gare ta mai sanyi. Tana wasa da yatsun yaro, tana tambayarsa sunan akuyar gidansu, kafin ya shirya kuka ta riga ta rufe kwalba.

'Yar gidan malamai ce. Mahaifinta, Malam Muhyiddeen, Allah ya jiƙansa, yana da makarantar allo a ƙofar gida, yana kuma kwafar littattafai da hannu. Tana 'yar shekara tara ya gano ya tsallake kalma ɗaya a wani littafin fiƙihu da ya rubuta wa ɗalibinsa na Taura. Ya ajiye karatu, ya hau motar kasuwa, bai dawo ba sai bayan kwana biyu. Da mahaifiyarta ta ce, "Malam, a kan kalma ɗaya?" sai ya ce, "Duk wanda ya karanta a wurinsa kuskurena zai ɗauka, ya miƙa wa wani. Gobe kiyama ni za a tambaya." Zuwaira ta ji, ta manta, kamar yadda yara ke yi.

Shekara takwas da suka wuce Dakta Chundung ta zo Buji. 'Yar Filato ce, doguwa, mai saurin magana, tana aiki a wata ƙaramar cibiyar bincike a Dutse. Aikinta garkuwar jiki, wato abin da ke cikin jini yana yaƙar cuta. So take ta san ko ƙarfin rigakafin ƙyanda yana daɗewa a jikin yaran karkara. Sai aka zaɓi yara sittin. Za a ɗebi jininsu bayan rigakafi, a ba kowace uwa kati, a sake ɗiba idan sun doshi shekara biyu. Wa zai ɗiba in ba Zuwaira ba?

Ɗiban farko ya tafi lami lafiya. Na biyun ne ya faɗo daidai lokacin yaye, abin da Dakta ba ta lissafa ba. A can, in an yaye yaro gidan kakarsa ake kai shi, wani ma ƙauye uku tsakani, kuma uwa ba ta zuwa ɗauko shi. To ga kati a hannu, ga 'yar Malam ta aiko a zo. Wace ce za ta kunyata 'yar Malam? Sai uwa ta sunkuci ɗan wata a cikin gidan, mai kama da nata a girma, ta goyo shi ta taho.

Zuwaira ta gane. Yaya ba za ta gane ba, ita da ta san kunnen kowane yaro a garin? Ta dubi uwa, uwa ta sunkuyar da kai. Rana ta yi tsaka, ƙanƙarar akwatin jini tana narkewa, direban cibiyar na ta danna hon. Ta ce a ranta, takarda ce fa, durowa za ta shiga ɓera ya ci, kamar duk takardun ofis da ta taɓa cikawa. Ta soka, ta rufe kwalba, ta rubuta sunan da ke kan kati. Sau goma sha ɗaya ta yi haka. Cikin yaran aron akwai waɗanda ta san ko rigakafin ba a taɓa yi musu ba.

Ɓera bai ci takardar ba. An buga ta a wata mujalla ta ƙasar waje, tana cewa garkuwar yaran yankin tana raguwa da wuri. Dakta, mace mai amana, ta sa sunan Zuwaira cikin marubuta, ta kuma nemo mata aiki a cibiyar a Dutse.

Daga nan aka fara nuna mata waya.

"Malama, duba! Mutum arba'in sun ambace mu."

"Ambato kamar yaya, Dakta?"

"Masana ne. In za su rubuta nasu binciken, sai su ce Chundung da Zuwaira sun gano kaza. Da mu suke kafa hujja. Wasu kuma su ɗauka daga gare su."

Zuwaira ta dubi wayar. Wannan ai ta san shi, a ƙofar gidansu ta fara jinsa: wane ya karɓo daga wane, wane daga wane. Ta yi yaƙe ta ce Allah ya sa albarka.

Arba'in ta zama ɗari. Ɗari ta zama ɗari biyu da hamsin. Duk sanda wayar Dakta ta yi ƙara a kan tebur, Zuwaira ta san an sake ambatonsu ke nan. Ta rame, har abokan aiki suna tsokanarta wai iskar birni ba ta karɓe ta ba. A cikin A Daidaita Sahu takan wuce inda za ta sauka. In ta ɗaga hannu a salla, fuskokin iyayen nan take gani, kowacce kai a sunkuye. Tsoro take ji, tsoro sosai: na kora, na kunya, na abin da za a ce da gidan Malam Muhyiddeen. Wanda ya fi su duka shi ne na tambayar gobe kiyama, wadda ba a amsa ta da yaƙe. Sau nawa ta kai ƙofar ofishin Dakta ta ɓige da tambayar ko akwai auduga?

Ranar wata Talata Dakta ta kira ta, fuska cike da murna. "Ɗari huɗu da sha biyu, Malama. An tura takarduna don zama farfesa, takardar nan tamu ce a sama. Kuma an gayyace ni wani taro, ana son duba lokacin yi wa yara rigakafi saboda abin da muka gano."

Zuwaira ta jawo kujera. Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Dakta, jinin nan ba duka ne nasu ba."

Ta faɗi komai, har ƙanƙarar da hon ɗin direba. Sunayen ba su yi mata gardama ba. Ta jero su goma sha ɗaya, da sunan uwa, da sunan yaron da aka aro. Shekara da shekaru tana bitarsu.

Dakta ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta ajiye. Can ta ce, "Ni ma ban tambayi kowa yadda ake yaye ba." Ta jawo kwamfuta. "Za mu rubuta wa mujallar su janye ta. Maganar zama farfesa ta jira. Aikinki kuma, ban san abin da za a yanke ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na yarda. Amma su ɗari huɗu da sha biyun fa? A ina suke? In akwai mota, ni zan bi su."

Dakta ta dube ta da jajayen idanu. "Suna Indiya, suna Birazil, suna ko'ina. Za a sa sanarwa. Wasu za su gani, wasu ba za su taɓa gani ba."

Zuwaira ta tuna mahaifinta a bayan motar kasuwa, da alƙalami a aljihu. Shi Taura kawai ya je.

Wayar da ke kan tebur ta yi ƙara. Duk su biyun suka kalle ta. Ɗari huɗu da sha uku.