Katangar da Ta Fara Tashi a Waya

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Gaya, kuma makarantar ba ta da kwamfuta. Akwai guda ɗaya a ofishin shugaba, an lulluɓe ta da zane, sai an yi baƙi ake ɗagewa. A allo nake zana wa ɗalibai madannai da alli, su kwafa a littafi, in ba su maki. Abin da ya rage mini na sana'ar a wayata nake yinsa, a wani gem, wato wasan waya, da ba a cinye shi kuma ba ya ƙarewa. Fili kawai ake ba ka, komai na cikinsa mai kusurwa huɗu kamar bulo: ƙasa, itace, ruwa, har tumaki. Ka tona, ka gina, ka rushe, babu mai tambayarka takardar fili.

Gidanmu yana wani ƙauye a bayan Ajingi. Duk Juma'a idan an tashi nakan hau babur in tafi, in dawo Lahadi da yamma. Mu biyu ne maza, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara goma sha biyu kuma bai taɓa barin noma ba. Bayan rasuwar Baba malamai suka raba gado, 'yan'uwanmu mata suka ɗauki nasu a gona, gidan ya zama namu. Rabon dai a baki ya tsaya. Tukunya ɗaya, tsakar gida ɗaya, Inna tana zaune a tsakiya tana ba kowa umarni.

Yaya yana son a ja katanga. Hujjarsa ba ta da aibi: 'ya'yansa sun tasa, ni kuma ina neman aure, ya kamata kowa ya san sashensa. Ni ba na so, kuma ba ni da hujjar da zan iya faɗa a gaban mutane. Ni ne auta. Ƙofar ɗakina tana kallon ƙofar Inna, idan na buɗe da safe ita nake fara gani, tana dama koko tana faɗa da kaji. Wannan ne kaɗai abin da nake tsoron rasawa, kuma namiji mai gemu ba ya kai irin wannan ƙara.

Abin da ya cece ni damina biyu shi ne gidan kansa. Yaya yakan ɗauki sanda bayan la'asar ya fara jan layi a ƙasa daga gindin darbejiya. Taku shida sai ya ci karo da turken tumaki. Idan ya matsar da turken, sai ya toshe rariya. Idan ya karkatar da rariya, ruwa ya nufi rumbu. Kafin ya gama da rumbu sai ya tuna rijiya ɗaya ce, kuma soro ɗaya ne, wanda aka yanke ba shi da ƙofar fita. Nan zai tsaya, ya daɗe yana kallon ƙasa, ya jefar da sandar ya ce, “Sai bayan kaka.” Da ina da wayo da na bar shi da sandarsa.

Sai wata Juma'a na dawo na tarar da bulo an jibge a ƙofar gida. Na san maganar Inna ce za ta yanke, kuma har lokacin ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Na ce a raina ba ta san me ake nufi da katanga ba ne, ji kawai take yi. Gani ya kori ji. Zan gina mata gidan nan a waya, in raba shi a gabanta, ta ga muninsa da idonta.

Mako uku na yi ina aikin. Na auna gidan da ƙafa, daga soro zuwa banɗaki, ina ƙirgawa a hankali ina rubutawa a bayan takardar jarrabawa. Matar Yaya, wadda tun ina yaro muke wasa da ita, ta bi ni da ido ta ce, “Mijina, allura ka yar ne ko aljanu ne suka taɓa ka?” Na ce mata motsa jiki nake yi. Na gina komai yadda yake, har da tsagewar da ke jikin rumbu da dutsen da Inna take ɗora buta a kai.

Gina katangar bulo-bulo ba zai girgiza kowa ba, mutum zai saba da ita tun kafin a gama. So nake ta faɗo a kai gaba ɗaya. A gem ɗin akwai wani akwati da ake rubuta umarni a ciki, ka ce a cike nan da dutse, ko a ɗauke wancan a kai shi can. Idan ka jera irin akwatunan nan, kowanne yana kallon na gabansa, na farko yakan tashi na biyu, na biyu ya tashi na uku, duk kafin ka ƙifta ido. Maɓalli ɗaya za ka danna.

Matsalar akwatin ita ce ba ya jin “wajen nan” ko “can gaba kaɗan.” Lamba yake so: daga ina, zuwa ina, tsawo nawa. Dole na zauna na zaɓi inda katangar za ta bi. Gwajin farko ta binne tumaki uku a cikinta, don na sa umarnin gini kafin na kwashe dabbobi. Na gyara, na mayar da turken arewa. Sai ruwan da na zuba don gwaji ya malale tsakar gida, na haƙa sabuwar rariya ta bi ta bayan madafi ta fita lungu. Rijiya ta ba ni wahala kwana biyu, har na tuna wani gida a Gaya da katanga ta bi ta kan bakin rijiyar, kowane sashe yana jefa gugansa ta ɓangarensa. Na yi haka. Na fasa ƙofa ta gabas. Duk lokacin da wani umarni ya ƙi aiki sai in ji kamar ɗalibi ya ƙure ni a aji, ba na iya tashi sai na gano inda kuskuren yake. Ban tsaya na tambayi kaina wa nake yi wa aiki ba.

Na ƙarshe shi ne ɗakin Inna. Yana daidai kan layi, ƙofarsa za ta iya kallon kowane sashe. Da gangan na juya ta ɓangaren Yaya. Nan ne dabarar take: Inna ta ga an raba ta da autanta, ta ce sam, magana ta mutu.

Ranar Asabar bayan la'asar na same su a gindin darbejiya. Inna tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa, Yaya ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Na ce ina da abin nunawa. Na fara zagayawa da su cikin gidan na waya. Inna ta gane dutsen butarta, ta ce, “Ikon Allah.” Yaya ya ce rumbun ya fi haka tsawo.

Na danna maɓallin.

Tumaki suka ɓace daga nan suka bayyana can. Rariya ta buɗe, ƙofa ta fashe a gabas, ƙofar Inna ta juya, katanga ta miƙe daga darbejiya har bango ta raba gidan biyu. Su biyun suka zuba wa wayar ido. Na ji daɗi, don na ɗauka tsoro ne ya kama su.

Yaya ya goge hannunsa a riga ya matso. “Sake.”

Na yi tanadin wani maɓallin mai mayar da komai yadda yake. Na danna shi, na sake danna na farko.

“Ruwan ta ina yake bi?”

Na nuna masa.

“Bai taɓa rumbu ba?”

“Bai taɓa ba.”

“Rijiyar fa?”

Na kai shi bakin rijiyar, ya ga guga biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni, irin duban da bai taɓa yi mini ba. “Malam,” ya ce, “ashe karatun nan bai tafi a banza ba. Damina biyu ina fama da abin nan.” Tunda nake da shi wannan ne karo na farko da ya yabe ni, kuma abin kunya, sai da na ji sanyi a raina kafin na gane abin da ya faru.

Saura Inna. Ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da fuska, yadda take riƙe allura idan za ta zura zare.

“Nan ne ɗakina?”

“Nan ne, Inna. Kin ga ni kuma ina can bayan katanga. Ko kin fito ba za ki gan ni ba.”

“Kai da kake Gaya kwana biyar a mako?” Ta ƙara nisanta wayar. “Yaran suna wane ɓangare?”

“Naki.”

“To, ya yi. Allah ya yi albarka.” Ta miƙo mini wayar ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Na yi ƙoƙarin ja da baya. Na ce ai gem ne, ruwan ciki ba ruwan gaske ba ne, ba a gini da wasan yara. Yaya ya ce ruwan na ƙarya ne amma gangaren na gaskiya ne, shi ya san ƙasar gidan ubansa. Na ce to ƙofar Inna ana iya juya ta, umarni ɗaya ne kawai zan canza. Inna ba ta ɗago ba ta ce a bar ta yadda take, hantsi ba zai riƙa shigar mata ɗaki ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Birkila ya zo ranar Asabar ta gaba da igiyarsa da magwajinsa. Ya tambayi Yaya daga ina za a fara, Yaya ya nuna ni. Na tsaya a tsakar gida da waya a hannu ina karanto lambobi, yana kafa turaku. Ya ce a duk gidajen da ya raba bai taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba, kuma ba a taɓa raba gida a gabansa babu wanda ya ɗaga murya ba sai nan. Abin da na yi da danna ɗaya shi ya ɗauke shi kwana tara.

Katangar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Damina ta zo, ruwa ya bi inda na ce ya bi. Mutum biyu daga ƙauyen Gafasa sun zo kallon rijiyar.

Juma'ar farko bayan an gama na ajiye babur a sabuwar ƙofata, na buɗe ɗaki na ajiye jaka. Ina jin muryar Inna ta bayan bulo, taku huɗu tsakaninmu, ni na auna. Na fita ta gabas, na bi lungu, na zagaya ta gaban gidan maƙwabta, na shiga soron da aka haife ni a bayansa. A bakin ƙofar ciki ƙafata ta tsaya da kanta, na ji bakina ya yi sallama.

Matar Yaya ta leƙo, ta yi dariya ta juya ciki. “Inna, kin yi baƙo daga Gaya!”

Na tsaya ina jira Inna ta ce mata wane irin baƙo, auta ne.

“Maraba, maraba,” in ji Inna. “Shimfiɗa masa sabuwar tabarmar nan, ki kawo masa ruwa.”

Aka shimfiɗa, na cire takalmi na zauna. Aka kawo ruwan a kofin tangaran da ake ajiyewa a saman kwaba, na sha, na ce na gode.